Ruwa ba ya tsami banza: Yadda rai ke komawa ƙasan tabkunan Sudbury bayan hayaƙi ya lafa

Baƙon da ya tsaya bakin Tabkin Nellie, cikin gandun dajin Killarney da ke lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, abin da zai fara ɗauke masa hankali shi ne tsabtar ruwan. Shuɗi ne garau, har ana iya hango abin da ke nisan fiye da mita 20 a ƙasa. Masu yawon buɗe ido kan taka doguwar hanya cikin duwatsu don kawai su ɗauki hotonsa.

Sai dai ga masanan da suka shafe shekaru suna auna ruwan yankin, wannan kyau ba duka ne abin murna ba. Wani ɓangare na tsabtar ya samo asali ne daga guba. Ruwan ya yi tsami, ƙananan halittun da ke ba ruwa launi sun ragu, kifi ya ɓace, ƙasan tabkin ya zama kufai.

Killarney na da tazarar ƴan gomman kilomita kudu maso yamma da Sudbury, birnin haƙar ma'adinai da ke kimanin kilomita 400 arewa da Toronto. An ƙiyasta cewa hayaƙin masana'antun narka ƙarfe na birnin ya tsamantar da tabkuna kusan 7,000 a faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita 17,000. Yau, fiye da shekara 50 da fara rage hayaƙin, ruwan da yawa daga cikinsu ya gyaru. Abin da ya ƙi saurin gyaruwa shi ne rayuwar da ke cikin laka da tsakuwar ƙasan tabki, inda ido ba ya kaiwa.

Hayaƙin shekara ɗari

A shekarar 1883 ne masu shimfiɗa layin dogo suka ci karo da dutse mai ɗauke da nikel da tagulla a yankin Sudbury. Kafin ƙarshen shekarun 1880 an fara narka shi. Matsalar ita ce dutsen cike yake da farar wuta, kuma sai an ƙone ta kafin a samu ƙarfen. Da farko a fili ake tara dutsen bisa itace a cinna masa wuta, ya yi ta ci makonni da watanni, hayaƙi na bin ƙasa yana ƙone tsirrai. Sai a 1929 aka daina wannan hanya, aka koma bututun hayaƙi.

A wajajen 1960, masana'antun kamfanonin Inco da Falconbridge na fitar da kusan tan miliyan 2.5 na iskar farar wuta a shekara, abin da ya sa Sudbury cikin wuraren da suka fi fitar da wannan iska a duniya. Idan iskar ta haɗu da laimar sama sai ta koma asid, ta sauko cikin ruwan sama da ƙanƙara. Tare da ita kuma ƙurar nikel da tagulla na zuba a kan ƙasa da ruwa. Duwatsun kewayen birnin suka yi baƙi ƙirin, babu ko ciyawa.

Ana auna tsamin ruwa da ma'aunin pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, kuma duk saukar lamba ɗaya na nufin tsami ya ninka sau goma. Lafiyayyen tabki a wannan yanki yakan kasance tsakanin 6 da 7. Tabkin Clearwater, kusa da birnin, ya sauka zuwa wajen 4 a shekarun 1970. Abin ya yi muni ne saboda irin dutsen yankin. Uwargida ta san cewa ɗan ƙulli na kanwa na kashe tsamin yakuwa. Haka dutsen farar ƙasa ke yi wa tabki. To, mafi yawan ƙasar Killarney dutse ne mai tauri wanda ba shi da wannan kanwa, don haka asid ya sami tabkunan ba su da kariya.

A 1972 wasu masana biyu na Jami'ar Toronto, Richard Beamish da Harold Harvey, suka wallafa binciken da ya nuna yadda kifaye ke ƙarewa a tabkunan tsaunukan La Cloche na Killarney. A daidai lokacin, ƙasashen Suwidin da Norwe na kukan irin wannan ɓarna, tun bayan da masanin Suwidin Svante Odén ya yi shela a 1967 cewa hayaƙin Ingila da tsakiyar Turai na sauka a ƙasarsu.

Ma'aikatan da ba a gani

Jama'a sun fi lura da mutuwar kifi, domin shi ake kamawa a ci. Amma kifi a saman tsani yake. A ƙasan kowane tabki akwai rundunar ƙananan halittu: katantanwa, makankari, matsattsaku, tsutsotsin laka, dangin jatan lande da ƙaguwa, da tsutsotsin ƙwari iri-iri waɗanda ke fara rayuwa cikin ruwa kafin su yi fiffike su tashi. Su ne ke ɓarje ganyen da ya faɗa ruwa, su kankare gansakuka daga jikin dutse, su motsa laka iska ta shiga. Su ne kuma abincin kifi da agwagin ruwa.

Asid na kashe su ta hanyoyi da dama. Yana hana jikinsu riƙe gishirin da suke bukata. Yana narkar da alminiyam daga ƙasa ya kwararo cikin ruwa, ya toshe musu hanyar numfashi. Masu ɓawo kuma, irin su katantanwa da jatan lande, ba sa samun sinadarin kalsiyam da za su gina ɓawon.

Ba lokaci ɗaya suke mutuwa ba, bi da bi ne. A Norwe, binciken tabkuna masu yawa ya nuna cewa wani ɗan ƙaramin jatan lande mai suna Gammarus lacustris, wanda kifi ke matuƙar so, ba a samunsa idan ma'aunin ya sauka ƙasa da 6. Katantanwa kan ɓace kafin a kai 5. Waɗanda ke saura su ne masu taurin rai, musamman tsutsotsin wani ƙwaro mai kama da sauro wanda ba ya cizo. Tabki bai zama fanko ƙaf ba, amma garin da ke da masu sana'a iri-iri ya koma na mutum biyu ko uku.

Tabki mai lamba 223

Hujjar da ta fi ƙarfi ba daga Sudbury ta fito ba. Can nesa a arewa maso yammacin Ontariyo, kusa da garin Kenora, gwamnatin Kanada ta ware wasu ƙananan tabkuna don gwajin kimiyya, kowanne da lambarsa. A 1976 ayarin masana ƙarƙashin David Schindler suka fara zuba asid da gangan, sannu a hankali, cikin Tabki na 223, don su ga abin da zai faru mataki-mataki.

Ma'aunin ya tashi daga wajen 6.5 ya gangaro zuwa kusan 5 cikin ƴan shekaru. Tun bai kai 5.6 ba, wani ɗan jatan lande mai suna Mysis, wanda ke yini a ƙasan tabki ya taso sama da dare, ya ƙare. Wani ƙaramin kifi ya daina hayayyafa. Manyan jatan landen ƙasan tabki suka kasa yin ɓawo mai ƙwari, su ma suka tafi. Babban kifin tabkin, wani nau'in tirawut, bai mutu da gubar kai tsaye ba, yunwa ce ta kama shi. Hotunan waɗannan kifaye, ga ƙaton kai ga ramammen jiki, sun zagaya duniya bayan an wallafa sakamakon a 1985, kuma sun taimaka wajen shawo kan ƴan siyasa.

Darasin a fili yake: ɓarna na farawa daga ƙasa, tun ruwan bai yi tsamin da zai kashe babban kifi ba.

Da aka rufe bakin gubar

A 1972 Inco ta kammala wani bututun hayaƙi mai tsawon mita 381, wanda ake kira Superstack. Ya sauƙaƙa wa mazauna birnin numfashi, amma ya watsa hayaƙin zuwa nesa. Maganin gaskiya ya zo ne da dokoki. A 1979 ƙasashen Turai da Arewacin Amurka suka sanya hannu kan yarjejeniyar Janiba game da gurɓatar iska mai tsallaka iyaka. A 1985 lardin Ontariyo ya ɗora wa manyan masana'antu wa'adin rage hayaƙi zuwa 1994. A 1991 Kanada da Amurka suka ƙulla tasu yarjejeniyar. Masana'antun Sudbury suka koma kama iskar farar wutar suna mayar da ita asid ɗin sayarwa. Yau abin da suke fitarwa ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 idan aka kwatanta da 1960.

Ruwa ya amsa. Tabkin Clearwater, wanda masana suka bari ba su zuba masa komai ba don su ga ikon Allah, ya haura daga wajen 4 zuwa sama da 6 cikin kimanin shekara 30. Yawan nikel da tagulla a cikin ruwan shi ma ya ragu. Wannan ya tabbatar da abin da wasu ke shakka a da: tabkin da asid ya ɓata na iya farfaɗowa idan aka daina ɗura masa.

Amma da masanan Jami'ar Laurentian da na ma'aikatar muhalli ta lardin, irin su John Gunn, Bill Keller da Norman Yan, suka ci gaba da bibiyar tabkunan shekara da shekaru, sai suka ga cewa gyaruwar ruwa daban, dawowar rai daban.

Mai fiffike ya riga mai rarrafe

Tambaya ta farko ita ce: daga ina mazaunan za su dawo? Ƙwarin da ke da fiffike na iya tashi daga lafiyayyen tabki su saka ƙwai a wanda ya warke. A Killarney an bi diddigin wasu nau'o'i biyu na ƙwaron ruwa da ke fitowa a farkon bazarar can, da kuma ɗan jatan lande mai suna Hyalella azteca. An ga cewa ba sa zama sai ma'aunin ya kai tsakanin 5.3 da 5.6. Ko bayan ya kai, sai an yi ƴan shekaru kafin a fara ganinsu, kuma mamaye dukan gaɓar tabki na iya cin fiye da shekara goma. Wannan ga mai fiffike ke nan.

Wanda ba shi da fiffike kuwa, sai ya jira sa'a: ko rafi ya kawo shi, ko ya maƙale a gashin agwagwa. Idan tabkin na kan tudu, kuma duk maƙwabtansa sun mutu tare da shi, jiran na iya zama na har abada. A Tabki na 223 an fara rage asid tun 1984, ruwan ya koma daidai, amma Mysis bai dawo ba. Bayan fiye da shekara 30, sai da masu bincike suka riƙa kamo shi da dare daga tabkin da ke maƙwabtaka suna juyewa a ciki.

Cikas na biyu ita ce lakar kanta. Ruwan tabki na sabuntuwa, amma abin da ya kwanta a ƙasa yana nan. A tabkunan da ke kusa da masana'antun, laka na riƙe da nikel da tagulla na gomman shekaru, kuma cikinta ne waɗannan halittu ke kwana suna ci. Farar wuta ma tana kwance a nan tana jiran dama. An ga haka a Tabkin Swan: bayan farin 1986 da 1987 ruwa ya ja baya, lakar gaɓa ta sha iska, farar wutar da ke ciki ta sake zama asid. Da ruwa ya dawo, ma'aunin ya faɗi daga 5.8 zuwa 4.5, aka yi asarar ci gaban shekaru cikin ɗan lokaci.

Na uku, wanda ya riga zama ba ya son tashi. A tabkuna da dama na Sudbury, kifin da ya fara dawowa ko ya jure wahalar shi ne wani ƙaramin kifi mai ratsin ɗorawa. Da yake babu babban kifin da zai ci shi, sai ya yi yawa fiye da kima, yana lamushe duk wata babbar tsutsa ko jatan landen da ya leƙo. Ruwa lafiya lau, amma baƙon da ya iso ba ya kwana.

Na huɗu, abincin ƙasan tabki daga tudu yake zuwa. Inda hayaƙi ya ƙone daji, babu ganyen da zai faɗa ruwa. Wani bincike a Tabkin Daisy, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna cewa ƙananan kifaye sun fi ƙiba a bakin rafukan da suka ratso ta cikin itatuwa fiye da waɗanda suka gangaro daga tsirarar ƙasa. Ma'ana, dashen itace a kan tudu gyaran tabki ne.

Na biyar ya fi sauran ɓoyuwa. Shekarun da aka yi ana ruwan asid sun wanke kalsiyam daga ƙasa. Yanzu asid ya ragu, amma rumbun ya riga ya yi ƙasa, don haka kalsiyam ɗin da ke shiga tabkuna da yawa na Ontariyo raguwa yake yi. Wani bincike na 2008 ya ja hankali kan haka. Masu ɓawo ne suka fi shan wahala, kuma a wasu tabkunan wata ƴar halitta mai jiki kamar yauƙi, wadda ba ta bukatar kalsiyam sosai, ita ke maye gurbin waɗanda kifi ya saba ci.

Inda hannun mutum ya shiga

Mutanen Sudbury ba su zauna jira ba. Tun 1978 hukumar birnin, da jami'a, da kamfanonin, da ɗalibai da marasa aikin yi suka shiga watsa garin farar ƙasa a kan duwatsu, suna shuka ciyawa, suna dasa itace. Zuwa yau an dasa fiye da itace miliyan 10. An kuma zuba farar ƙasa kai tsaye cikin wasu tabkuna, irin su Middle da Hannah, tun a shekarun 1970. Suwidin ta ɗauki wannan hanya da faɗi, inda take zuba farar ƙasa a dubban tabkuna tun ƙarshen shekarun 1970. Sai dai magani ne na lallaɓawa: yana cin kuɗi, kuma a wurare da yawa sai an riƙa maimaitawa.

Labarin da mutanen yankin suka fi so shi ne na wani kifi mai kyan launi da ake kira Aurora, wanda asalinsa a ƙananan tabkuna biyu kawai aka tabbatar da shi a duniya, Whirligig da Whitepine, arewa da Sudbury. Ya ɓace daga cikinsu a shekarun 1960. Abin da ya cece shi shi ne kifaye tara da wani ma'aikacin gidan kiwon kifi ya kwasa a 1958, aka yi ta raya zuriyarsu a tsare. A 1989 aka zuba wa Whirligig farar ƙasa, a 1990 aka mayar da kifin, kuma bayan ƴan shekaru aka ga ya hayayyafa da kansa. Da ba a ajiye waɗancan taran ba, da ruwan ya warke babu mai komawa cikinsa.

Ta yaya ma ake sanin me ke cikin tabki kafin ɓarna, tunda ba wanda ya ƙirga a lokacin? Masana irin su John Smol na Jami'ar Queen's kan soka bututu cikin laka su zaro ta kamar sanda. Kowane hawa na lakar shekaru ne, kuma cikinsa akwai ɓawon ƙananan tsirrai da kawunan tsutsotsin ƙwari da ba sa ruɓewa. Da su ake gane yadda tabkin yake tun kafin a kunna wutar farko. Abin da irin wannan aiki ke yawan nunawa shi ne, tabkin da ya farfaɗo ba lalle ne ya koma yadda yake a da ba. Zafin duniya ya ƙaru, kalsiyam ya ragu, baƙin halittu sun shigo. Gari ya sake cika, amma ba duka tsofaffin gidaje suka dawo ba.

Abin da ya shafi Sahel

Ruwan sama mai asid ba ya cikin manyan matsalolin Nijar. Ƙurar Sahara na ɗauke da kalsiyam mai kashe tsami, kamar yadda awon ruwan sama a tashar bincike ta Banizumbu, gabas da Yamai, ya nuna. Amma asid ba ta sama kaɗai yake zuwa ba. Duk inda aka tono dutse mai farar wuta aka tara shi a fili, iska da ruwa na iya mayar da shi asid ya gangara kwari. Ƙasar da ke haƙar yuraniyom, da gawayin ƙasa, da zinariya, tana kuma tace man fetur, ba za ta ce labarin Sudbury na wasu ne ba.

Masunta a Madarunfa, Tabalak ko Gidimuni sun san cewa kifi ba ya ƙiba da ruwa zalla. Abin da Kanada ta koya da tsada shi ne, gwajin kwalbar ruwa kaɗai ba ya isa a ce tabki na lafiya, sai an ɗebo laka an ga wa ke ciki. Kuma ƙidayar da aka yi kafin a buɗe ramin ma'adini ita ce shaidar da al'umma za ta riƙe ranar da aka ce mata ba a ɓata komai ba.

A Sudbury, birnin da ke da tabkuna 330 cikin iyakarsa, kuma inda ɗaliban Afirka masu jin Faransanci ke zuwa karatu, yau ana iyo ana kamun kifi a ruwan da a da aka yanke masa ƙauna. Kamfanin Vale, wanda ya sayi Inco a 2006, ya daina amfani da Superstack a 2020. Shekara biyu kacal aka yi ana gina bututun. Wasu tabkunan da ke ƙarƙashin inuwarsa kuwa, bayan rabin ƙarni, har yanzu jiran katantanwa suke.